Wuƙar Ummu Gassan

Shekara goma sha tara Ummu Gassan ta yi tana yanka wa Abu Ratib kayan miya. Shi yana da shago a kasuwar Sha'alan a Dimashƙa, inda mata ma'aikata ke sayen kubewa gyararriya da tafarnuwa ɓararriya. Ita kuwa tana gida, tana yanka masa ganyen faski na kwaɗon da ake kira tabbula, siriri kamar gashi. Wuƙarta ta gadon uwa ce, wasawa ta cinye ta har ta koma kamar tsinke.

Wata ranar Alhamis ta kai kaya, shago cike da mutane. Abu Ratib ya buɗe leda guda, ya matsa ganyen da yatsa, ya ce ya yi baƙi, ya jiƙe.

"Wannan ai tauna shi kika yi, ba yankawa ba. Hannu ya mutu, Ummu Gassan, ki je ki huta."

Wata mata ta yi dariya. Daga baya ne ta ji labarin ashe ɗan ƙanwarsa ne ya sayo injin yanka, shi ya sa aka nemi hanyar sallamarta. Da ya faɗa mata haka a keɓe, da ta haƙura. Dariyar nan ce ta tsaya mata a rai.

A layin maƙera akwai wani tsoho, Usta Karnik, da ke da wata wuƙa a cikin gilas, doguwa, mai ƙotar goro. Da ya faɗi kuɗinta sai Ummu Gassan ta gyara mayafi ta fita. Ladan wata biyu ne cur, daidai da abin da ta tara don man ɗumama ɗaki. Mijinta Abu Gassan, direban bas da ya yi ritaya, ya ce wuƙa wuƙa ce, kuma ba a rufa da ita in sanyi ya zo. Ta san yana da gaskiya, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

Ta koma karo na biyu da ƙullin faski a jaka. Usta Karnik ya bar ta ta gwada. Wuƙar ta ratsa ganyen ba ƙara, katakon yankan ko ɗigon koren ruwa bai samu ba. Ta ƙulle abin da ta yanka ta kai gida ta ajiye a taga. Har washegari da azahar yana nan kore shar. Duk da haka ta yi mako tana juya maganar.

Sai wata maƙwabciya ta zo ta tsegunta mata cewa Abu Ratib na gaya wa masu saye wai tsohuwar ta fara makancewa. Ummu Gassan ta miƙe. Ta sa takalmi ta je ta biya Usta Karnik, ko ragi ba ta nema ba.

Kayanta na farko ta kai wa Hikmat, mai shagon da ke kallon na Abu Ratib, wanda shi da Abu Ratib ɗin suka yi shekaru ba sa gaisawa. Sharaɗinta ɗaya, ya jera su a bakin ƙofa. Faskin inji kafin la'asar ya kwanta ya yi wari, nata kuwa yana tsaye. Mata ba su da wuyar ganewa. Kafin azumi, layin masu saye ya tsallaka titi ya koma shagon Hikmat.

Ana saura kwana uku a ɗauki azumi Abu Ratib ya zo gida da kwalin alewar baƙlawa. Ta ba shi kujera da gahawa, ta ci gaba da yankanta a gabansa, ta bar shi ya yi ta kewaye-kewaye, ya ambaci zaman tare, ya ɗora laifi kan yaron inji, sannan ya roƙe ta ta dawo masa da aiki.

"Allah ya ja kwana, Abu Ratib," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wata tsohuwa ce ke maka aikin nan, hannunta ya mutu. Ni ban san inda take ba."

Ya tashi bai shanye gahawar ba.

Cikin azumin Hikmat ya kawo mata labari yana dariya: matar Abu Ratib ta zo a ɓoye, ta rufe fuska, tana neman leda biyu don baƙin shan ruwa. Ya tambaya ko ya hana ta.

"Sayar mata," in ji Ummu Gassan. "Amma ka gaishe ta da sunanta, da ƙarfi."