Shaidar Auta

Ƙanwata Auta shekararta ashirin da tara, amma ƙirgarta ba ta wuce goma, kuma ba ta bambance Talata da Laraba. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ba ta girma tare da jikinta ba. To amma ka zo shagon wanki da guga inda take aiki ka ga ninkin riga! Shekara bakwai ba ta taɓa saka wandon wani a jakar wani ba. Wanda ya raina ta ya zo ya ninka mu gani.

Kuskurenmu ɗaya a gida, mun koya mata ba a yi wa babba musu. Duk abin da babba ya faɗa, "eh" ne. Mu a ganinmu tarbiyya muke yi.

Ranar da direban da ke kawo wankin otal ya rufe ta a ɗakin ajiya ya yi mata fyaɗe, da bakinta ta gaya min, ina cire mata takalmi. Magana ta kai kotu. Babu wanda ya gani. In alƙali bai yarda da maganar Auta ba, direba ya sha ke nan.

A zaman farko lauyansa ya miƙe yana murmushi. "Da safe ne, ko?" Ta ce eh. "Da yamma ne, ko?" Ta ce eh. Ya buɗe hannuwa, wai kowa ya ga irin shaidar. Wallahi ba don kotu ba ce da na ci kwalarsa. Na koma gida na sha kuka, don na san ba ƙarya take yi ba, ladabin da muka ɗora mata ne.

Washegari na sami lauyar gwamnati. Na ce, "Ranki ya daɗe, Auta ba a yi mata tambaya da 'ko'. Cewa ake yi, 'Gaya min.' Haka mai shagonsu yake yi." Ta roƙi alƙali, ya saurari mai shagon da likita, ya amince.

A zama na biyu alƙali ya ajiye biro ya ce, "Auta, gaya min."

Ai kuwa ta zayyana. Ranar fararen zannuwan gado ce, tana ninka na takwas. Direban ya ce ta zo ta ɗauko masa kwando a ɗakin ajiya. Tana shiga ya saka sakata. Ta faɗi sauran da kalmominta na gida, ba ƙari ba ragi. Aka duba takardar karɓar kaya, ga ranar zannuwan, ga sa hannun direba.

Lauyan ya sake gwada sa'arsa. "Ke kika bi shi da kanki, ko?"

Ta kalle ni, ta kalli ƙasa. "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba haka ba ne."

Hukunci sai bayan wata biyu ya fito, ɗaurin shekara goma sha huɗu. Amma a ranar da ta ba da shaidar, muna saukowa daga matakalar kotu, ta riƙe min gefen mayafi.

"Yaya, na yi wa babba musu. Za ki gaya wa Mama?"

Na ce, "Zan gaya mata mana. Har maƙwabta sai sun ji."