Lallen Hansatu da Hoton da Ya Bi Hannu Huɗu

Wata rana a Funtuwa, wata mai ƙunshi da ake kira Hansatu ta figi mayafi ta nufi shagon mai hoto, ranta a ɓace.

Bari ku ji dalili.

Shekara bakwai tana zana lalle a tsakar gida. Allah ya hore mata shago, za a buɗe ranar Asabar. Allon talla kawai ya rage, wanda matan unguwa za su kalla su san aikin hannunta.

Ta kira Malam Tasi'u mai hoto, ya ɗauki hoton hannun wata amarya da ta yi wa zane. Zanen siriri ne kamar zare, kuma da shi take taƙama.

Hoton da kyamararsa ke fitarwa, ɗanye suke ce masa. Nauyi gare shi, wayarta ma ta ƙi buɗe shi. Sai ya juya mata ƙarami ya tura, ya ce na gani ne kawai.

Wannan "na gani ne kawai" ɗin, murna ba ta bari ta ji ba.

To kun san halinmu, ba a fara abu sai iyaye sun sa albarka. Ta tura wa Inna. Inna don daɗi ta ɗora a sitatus. Yaya Jazuli, wanda ya ɗauki nauyin buga allon, ya gani ya yi sikirinshot. Ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa mai bugawa.

Ranar Alhamis aka kawo allo.

Subhanallah. Zanen ya cakuɗe, sai ka ce amaryar ta tsoma hannu a miyar kuka. Wace mace ce za ta ga wannan ta miƙo hannunta? Hansatu ta ji kamar ta yi kuka.

Ta shimfiɗa allon a gaban Malam Tasi'u.

"Malam, fisabilillahi aikina ke nan? Ka kashe min kasuwa tun ban buɗe ba."

Ya duba, ya ɗago.

"Hajiya, hannu nawa hoton ya bi kafin a buga?"

Ta ƙirga da yatsu. Inna, Yaya, abokin Yaya, mai bugawa. Muryarta ta yi ƙasa.

"Huɗu."

"Duk wayar da ya shiga sai ta matse shi, ta zubar da wani abu. Zo ki ga na asali."

Ya buɗe ɗanyen a kwamfuta. Ga zanenta nan, layi-layi, har ɗigon da ta yi a gefen farce. Baiwar Allah sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya, kunya ta ishe ta.

Ya juya hoton da cikakken girmansa, ya zuba mata a filash. Da ƙafarta ta kai wa mai bugawa, ba ta aiki kowa ba.

Ranar Asabar mata suka cika shagon. Wata ma daga kan babur ta hango sabon allon ta ce a sauke ta, irin wancan zanen take so.

Darasi: Magana ma haka take. Kowane bakin da ta bi sai ya rage wani abu. Kafin ka yi fushi da mutum a kan "an ce ya ce", taka ka je ka ji daga bakinsa.

Ku tura wa 'yan uwa su karanta. Amma don Allah, ban da sikirinshot.