Maraƙin da Na Bari a Daji

Har gobe ban manta da ranar da wani makiyayi ya tare ni a ƙofar aji ba. Lokacin ina sabon malami a wata elementare ta En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙasar Kusada, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ku malaman yanzu ba ku san wahalar samun ɗalibi ba. Hakimi ne ke yanka wa kowane dagaci yawan yaran da zai kawo, iyaye kuwa ɓoye su suke yi. Idan yaro ya daina zuwa, sai a aika dogari, makiyayi kuma da ya ga dogari sai ya tashi da rugarsa.

A ajina akwai Shatu, 'yar Buba daga wata ruga kusa da Mawashi, ita kaɗai ce 'yar makiyaya. Yarinya ce mai raunin zuciya, ko wani aka tsawata wa ita ke kuka.

Kullum kafin a tashi nakan karanta wa yara babi ɗaya. Saboda Shatu na tsallake littattafan aljanu da na yaƙi, na ɗauko na wani maraƙi don na ga zanensa yana tsalle a bangon littafin. Ban karanta shi ba, ni mai wayo. A kwaleji an koya mana a tsaya inda labari ya yi daɗi don yara su dawo gobe, sai na rufe littafi daidai inda maraƙin ya ɓace, rana na faɗuwa.

Kwana biyu Shatu ba ta zo ba. A na uku sai ga Buba riƙe da hannunta.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, kai ne ka bar maraƙi cikin daji ka tahi gida?"

Na ce ai labari ne kawai.

Ya ce, "Ɗiyar nan ko hura ta ƙi sha. Mu ba mu cin abinci sai mun ga kowane maraƙi ɗaure a dangwali. In haka boko yake, ni tashi zan yi."

Na shimfiɗa masa tabarma, na buɗe babi na gaba. Idona na sauka ƙasan shafi na ga kura ta cinye maraƙin. Shatu ta ƙura mini ido. Ni dai na buɗe baki na ce wata tsohuwa mai neman itace ta tsince shi, ta bi kukan uwarsa har ruga, aka ɗaure shi, ya sha nono ya kwanta. Shatu ta yi ajiyar zuciya, ta shige aji.

Buba ya tsaya sai da ta ɓace, sannan ya rage murya. "Kura ce, ko?"

Kunya ta kama ni, na ce kura ce.

Ya ce, "Na ga idonka bai bi takardar ba. Ban iya karatu ba, amma mu ba mu kora shanu inda ba mu fara takawa da ƙafarmu ba. Ka riƙa shiga gaba, Malam. Na bar maka ita."

Shatu ta gama aji huɗu a hannunmu. Ni kuma tun ranar ban sake karanta wa yara littafin da ban kai ƙarshensa ni kaɗai ba, kuma ba na rufe babi sai kowa na cikin labarin ya isa gida. Abin da ba ya tsorata babba yakan hana yaro cin abinci, kuma iyayensa sun fi mu sanin ko mene ne. Shekara biyu na yi a kwaleji, amma wannan darasin a tsugune gaban Buba na ɗauke shi.