Shanun Laka Sun Tafi Kiwo

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin randa ne ya tono mani wannan zance, sai ku yi haƙuri da tsoho.

Bazarar bana ɗiyata ta kawo mani jikanyata hutu nan Kusada, da littafin hotuna a hammata. Na lokacin zafi ne, in ji yarinyar. Ni da na yi aji uku a Kankiya kafin noma ya karɓe ni, na saƙala tabarau na buɗe shi da martaba irin ta alƙali. Yara ne a bakin wani ruwa marar iyaka, suna gina gida da rairayi. Na karanta mata hotunan tsaf. Rubutun kuwa na bar wa masu shi.

"Tsoho, ba haka aka rubuta ba."

"Ke 'yar birni, wanda ya rubuta ya taɓa shan ranar Kusada?"

Ta rufe littafin, ta ce garinmu ba komai sai zafi, baɗi ba ta dawowa. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mani a ƙirji.

Mu bazararmu a tafkin bayan gari take. In ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage, kakata takan kora mu can da hantsi, ta zauna inuwar gawo tana kaɗi. Mu zura hannu cikin tsaga mu ciro laka mai sanyi, mu gina shanu. Ƙayar aduwa ce ƙaho, tozo kuwa sai ya kai na bijimin Fulanin da ke ratsowa ta garin Ƙofa. Mu jera su kan katanga su bushe. Ranar ruwan farko duk su narke. Shekarar da na ɓarke da kuka, kakata ko ɗago kai ba ta yi ba. "Share hancinka. Sun ji ƙamshin ciyawa ne, sun tafi kiwo. Da bazara za su dawo."

Tafkin nan yanzu gidajen bulo ne, gawon ya daɗe da shiga murhu.

Sai na ja yarinyar gindin randa, na kwaɓa ƙasa. Hannuna na rawa, saniyar ta fito kamar jaki mai ciwon ciki. Ta yi dariya har da faɗuwa, ta ture ni ta gina tata. Littafin yana gefe, shi ma ya sha laka. Da za su tafi ta ce in ɓoye mata saniyar a ɗaki. Na aza ta kan katanga.

Bayan ruwa ya sauka ta kira ni a wayar uwarta.

"Tsoho, ina saniyata?"

"Ta tafi kiwo."

"Yaushe za ta dawo?"

"Da bazara. Amma ba ta shiga gida sai ta ga mai ita."

Na riga na fara tara ƙayar aduwa a gwangwani. Laka dai tana nan. Hannun ne ban san ko zai jira ba.