Hular Bajamushe da Kazar Inna

Kakanmu ya dawo Tamaske daga yaƙin Nasara da hular ƙarfen wani sojan Jamus. Na tashi na tarar da ita ƙarƙashin rumbu, kazar innarmu tana ƙwai a ciki.

Da yayana ya dawo daga Abijan, ya ce akwai Turawa masu tara irinta. Ya kori kazar, ya dirje hular da yashi, ya shafe ta da ragowar shuɗin fentin ƙofarmu, ya aika hoto ta waya. Baturen ya amsa cewa tsatsar da tsohon fentin yake so.

Aka maida ita ƙarƙashin rumbu. Kazar ta leƙa, ta yi gaba.

Inna ta dubi yayana ta ce, "Bature ya ƙi, kaza ta ƙi. Saura kai, ɗauka ka sa."