Ruwan Teku Cikin Salka

Gwaggona, yayar mahaifina, ta dawo Gure daga Gabas a shekarar da na yi aure. Bayan yunwar fara ne da kaɗan, lokacin da rumbuna suka fara cika kuma mutane suka sake samun sukunin zama su yi hira. Ta bar gari tun ina goye, ita da mijinta, a ƙasa, da niyyar hajji. Sun yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, har suka kai wani gari na bakin Bahar Maliya inda ake shiga jirgin ruwa. Suka haye, suka sauke farali, suka dawo garin nan, sai zama ya kama su. Can mijin ya rasu, can ita ma ta manyanta tana toya waina tana sayar wa masunta da masu jiran jirgi. Da ta ji ƙarfinta ya fara ja baya, sai ta biyo wani ayarin Barebari ta taho gida. Mahaifina ya ba ta ɗakin da ke kusa da namu, ya sa muka kafa mata rumfa a ƙofarsa.

Matata ƴar wani ƙauye ce ta wajen Gamu. A kasuwa na fara ganinta tana sayar da tabarmi, na so ta, ta yarda, iyaye suka yarda. Amma da aka kawo ta sai muka rasa abin da za mu ce wa juna. Ni tun fil azal ba mai magana ba ne, ita kuma ga kunya. Ta ajiye mini ruwa in ce madalla, ta kawo tuwo in ce sannu, shi ke nan hirar ta ƙare. Ba faɗa, ba ɓacin rai, sai dai shiru. Ina son in ji abin da ke ranta, ban san ta inda ake farawa ba.

Tsakanin azahar da la'asar matan gidanmu da na maƙwabta sukan taru a rumfar Gwaggo, kowa da kabarta, suna saƙar tabarma da faifai. Akwai kuma wata mai nono, Bafulatana, asalinsu daga Alakos, wadda takan ajiye ƙwaryarta ta zauna har inuwa ta karkata. Gwaggo na ba su labarin teku. Babu wadda ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina a kwari. Ta ce musu ruwa ne da ba a hango ƙarshensa, ya fi ruwan rijiyar kanwa ɗaci, kuma kullum yakan ja da baya ya bar ƙasa a fili, sa'an nan ya dawo da kansa. Ta ce farin wurin nan, kuɗin da, wanda suke ɗinkawa a faifai su rataya a wuyan yara, gidan wani ɗan ƙwaro ne mai rai, ita da idonta ta gan shi yana tafiya da shi a bayansa. An ce mai nono ta cire na wuyanta ta daɗe tana leƙa cikinsa.

Ni namiji, ba ni da wurin zama a rumfar nan. Ina dai jin dariyarsu in na wuce.

Wata rana da damina ina gona da hauya, matata ta kawo mini fura. Yadda ta saba, takan ajiye ta juya. Ran nan sai ta tsaya, ta zauna nesa kaɗan a gindin aduwa, tana wasa da gefen zanenta.

"Malam," ta ce, "kai da kake tafiye-tafiye, ka taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙarshe?"

Na ce mata iyakata fadamun Nguru in sun cika, su ma ana hango bishiyoyin ƙetare. Ta ce to Gwaggo ta fara musu wani labari na mutanen da, wanda masuntan can suke bayarwa, in ina so ta faɗa mini. Na ajiye ludayi na ce ina so.

A zamanin wani sarki na dauri, in ji ta, akwai gari a bakin teku wanda aka gina gidajensa da farin dutsen da ake haƙowa daga cikin ruwa. A garin akwai wani saurayi mai nutso, yana ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ƙasan ruwa neman lu'ulu'u. Wata rana igiyar ta tsinke. Wata budurwa daga mutanen ruwa, waɗanda garinsu ke can ƙasa, ta tallafo shi ta fito da shi gaɓa. Tun daga ranar kullum yakan je wurin ya zauna, ita kuma ta fito su yi ta kallon juna, don ba ya jin harshenta, ba ta jin nasa.

Nan matata ta tsaya, ta ce iyakar inda Gwaggo ta kai ke nan. Ta ɗauki ƙwarya ta tafi. Na koma kan hauya ina tunanin mutum biyu a bakin ruwa, ba mai iya ce wa wani komai.

Daga nan abin ya zama kullum. Gwaggo ba ta gaggawa. Takan ba da guntu ta tsaya, wani lokaci ta bar saurayin da budurwar ta shiga bayanin yadda ake gasa kifi a can, ko irin tufafin matan sarki. Ranar da mai nono ba ta zo ba kuwa ba a ci gaba, don ta roƙa kada a wuce ta. Ni kuma sai in jira tsakar rana, ina duban hanyar gari fiye da yadda nake duban gero.

A hankali labarin ya yi nisa. Budurwar ta koyi harshen mutane, ta fito ta auri mai nutso. Sharaɗinta guda ne: kowace safiya sai ta sha ruwan teku cikin tafin hannu, in ba haka ba za ta bushe kamar ciyawar rani. Wannan ba wuya, tunda ruwan na ƙofar gida. Suka zauna lafiya. Sai yaƙi ya zo daga ƙetare cikin jiragen ruwa, aka ci garin, sarki ya kwashe jama'arsa suka nufi duwatsu can cikin tudu. Mai nutso yana da tsohuwar uwa da ba ya iya bari, yana da mata da ba ta iya nisa da teku. Sai ya cika salkuna da ruwan ɗaci, ya ɗora wa raƙumi, suka bi jama'a.

Wannan wurin ya kama mu duka, don mu mutanen Gure mun san abin da ake nufi da salka tana raguwa a hanya. A nan ne muka fara gardama da matata, karo na farko tun aurenmu. Na ce mijin ya yi wauta, da ya kai uwar wurin dangi ya dawo da matar bakin ruwa. Ta ce ai matar ce ba za ta yarda ba, macen da ta bar garinsu saboda mutum ba ta son a ajiye ta a gefe kamar kaya. Ta faɗi haka tana kallona kai tsaye, sai kuma ta tuna kunya ta sunkuyar da kai. Muka yi dariya. Daga labarin muka zarce zuwa wasu abubuwa. Na ji labarin ƙauyensu, da kakarta da ta koya mata saƙa, da yadda take tsoron raƙumi tun tana ƙarama. Ni ma na sami bakin faɗin nawa.

Da kaka ta yi, aka shigar da hatsi, na shirya tafiya. Sana'ata ta rani ita ce kai kanwa da gishirin manda Nguru a kan jakuna, inda jirgin ƙasa bai daɗe da isowa ba. A lokacin matata na da juna biyu. Da safen da za mu tashi ina ɗaure mangala a ƙofar gida, ta fito da guzurina. Na ce mata ga shi zan tafi ban ji ƙarshen matar ruwa ba. Ta miƙo mini guzurin, ta ce ai jiya Gwaggo ta ƙarasa.

Ta ce salka ta ƙarshe ta ƙare suna cikin duwatsu. Matar ta kwanta, fatarta ta fara tsagewa. Mijin ya fita cikin dare kamar mahaukaci, ya haɗu da fatake masu gishiri, ya roƙi dunƙule guda. Ya jiƙa shi a ruwan rijiya, ya kawo mata a tafin hannunsa, ya ce ga sauran ruwan teku da ya ɓoye. Tana kai shi baki ta gane ba shi ba ne. Amma ta dubi fuskarsa ta shanye duka. Da gari ya waye sai ga ta ta tashi zaune. Suka zauna cikin duwatsun nan har tsufa, suka haifi ƴaƴa, kowace safiya yana jiƙa mata gishiri.

Na tafi da wannan a raina. A zango na ba abokan tafiyata labarin tun daga farko, ni da ba a san ni da magana ba, har suka riƙa tsokanata wai mandarmu ta sami daraja. A Nguru na sami wani ma'aikacin jirgi da ya taɓa zuwa Ikko, can bakin teku, na tambaye shi ko gaskiya ne teku na ja da baya ya dawo. Ya ce gaskiya ne. Na tambaye shi mutanen ruwa, ya ce shi dai bai gansu ba, amma masuntan can ba sa wasa da zancen.

Na dawo na tarar da kowa lafiya. Bayan na gaida mahaifina na shiga wurin Gwaggo da ɗan goron da na riƙo mata. Muka gaisa, ta tambayi hanya. Don in nuna mata ni ma ina biye, sai na ce ashe dai gishiri ne ya ceci matar nan ta ruwa.

"Wane gishiri, ɗan nan?"

Na maimaita mata abin da na ji. Ta saurara har ƙarshe, goro a hannu ba ta fasa ba. Sa'an nan ta yi ta dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ta ce yadda masuntan suke faɗa, da ruwa ya kusa ƙarewa mijin ya ɗauki matar ya komar da ita gaɓa, ta shiga teku, ƙofar garinsu ta rufe a bayanta. Shi kuwa ya kafa bukka a wurin ya zauna har ya tsufa, in iska ta taso daga ruwa sai ya ce muryarta ce. Haka ta ba matan, har mai nono ta yi kuka ta tafi ta manta da ludayinta.

Gwaggo ta ɗaga murya ta kira amarya, sunan da take kiran matata ke nan har bayan ta haihu. Matata ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ga fuskokinmu ta gane. Gwaggo ta tambaye ta inda ta samo gishiri.

"Gwaggo, hanya zai kama," ta ce a hankali. "Ban so in sallame shi da labarin rabuwa ba."

Gwaggo ta daɗe tana dubanta. Ta ce ita ta zauna shekaru a bakin tekun nan tana jin labarin daga bakin maza masu kamun kifi, ba ta taɓa jin wanda ya yi tunanin ba matar wata hanya ba. Ta ce gobe amarya za ta faɗa wa mata nata.

Washegari na sami dalilin gyaran dangar da ke bayan rumfa, na ji komai. Matata ta ba su nata ƙarshen labarin. Da ta gama sai rumfa ta rabu biyu. Tsofaffi suka ce na Gwaggo shi ne gaskiya, haka duniya take, kuma ruwan rijiya ba ya zama teku don an so. Matasa suka bi amarya. Mai nono ta ce ita duka biyun ta karɓa, na Gwaggo in tana tafiya ita kaɗai a daji, na amarya in ta isa gida. Aka yi ta yi har ladan ya kira la'asar, ba wadda ta saƙa ko taƙi guda na tabarma.

Gwaggo ta yi shekaru tare da mu bayan haka. Tana da wasu labaran na sarakunan da da masoyansu, na jiragen da suka ɓace da matan da suka jira, ta kuwa ba da su duka. Sai dai ta ɗauki wata al'ada: in ta kawo kusa da ƙarshe sai ta tsaya, ta juya ta tambayi amarya yadda take gani. Wani lokaci su dace, wani lokaci Gwaggo ta ce a'a, wannan kam dole ya mutu, matata ta haƙura.

Ɗiyarmu ta fari ta zo cikin sanyin shekarar nan. Gwaggo ce ta yi mata wankan farko, tana yi mata wata waƙar reno da harshen mutanen bakin teku wanda babu mai ji a gidan. Ni kuma na ci gaba da kai kanwa Nguru kowane rani, in na dawo mu zauna da matata a inuwa, in faɗa mata abin da na gani a hanya, ta faɗa mini abin da aka yi a gari ba na nan.