Fansa Muka Zo

Ni mutum ne mai saurin zuciya, kuma ban taɓa ɓoye haka ba. Inna takan ce tun ina goye nake cizon zaninta in ta jinkirta ba ni nono. Na fara da wannan ne don kada can gaba wani ya ce na wanke kaina na shafa wa wasu laifi.

Ƙauyenmu yana yamma da Gumel, kusa da Ɗanzomo. A zamanin da na yi wayo, kafi ne na itace da ƙaya ya kewaye mu, kuma ba mai noma inda ba za a jiwo ihunsa daga gida ba. Mahara sukan zo daga arewa a kan dawakai bayan an yi girbi, su kwashi abin da suka samu, mutum ko dabba. Wata safiya ƙanwata ta bi mata roron wake. Ba ta fi shekara goma sha biyu ba, ni kuwa na riga na yi aure. Da muka ji ihu muka ruga, ƙwaryarta kawai muka tarar a kife, waken a warwatse.

Mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka ni ne babba a gida. Da mutane suka ce a yi sadaka a dangana, Inna ta ƙi. Ta ce, "Ba a yi wa mai rai sadakar uku." Ta rataye ƙwaryar a ɗakinta, ta ce mini in fara kiwon shanun fansa.

Yaran yanzu ba su san fansa ba, sai in na bayyana. In an kama naka, sai ka jira fatake su kawo labarin gidan da ya faɗa. Daga nan ka sami dattijo mai bakin magana, ku kora shanu har ƙofar ubangidan, a zauna a zaure a gaisa, a daidaita, ka dawo da ɗan'uwanka. Mugun zamani ne, ban ce ba, amma ƙofar nan a buɗe take, kuma mutane da yawa ta nan suka dawo. Na yi kiwon bijimai biyu, ja da fari. Damina huɗu muna jiran labari.

A cikin wannan jira Nasara suka shigo. Mai shela ya zaga yana cewa sun zo da sojoji ne don tausayin talaka, su hana hari, su hana sayar da ɗan Adam. Kuma gaskiya ɗaya ce, harin ya tsaya. Kafinmu ya ruɓe, mata suka ƙarasa shi a murhu. Sai dai Nasaran kashi biyu ne, na kudu da na arewa, suka raba ƙasar a tsakaninsu, suka kafa alamun iyaka a bayan Maigatari. Mu muka faɗa hannun waɗannan, inda aka kai ƙanwata ya faɗa hannun waɗancan.

Rannan wani dattijo ya iso ƙauyenmu da ƙafa, duk faso ya cinye masa dugadugai. Ya fi shekara ashirin yana bauta a arewa. Da sojoji suka shiga garin da yake, sai ya ajiye fartanya ya kamo hanyar gida, ba wanda ya iya tare shi. Ya tarar ƙauyensu ya zama kufai, maigarinmu ya ba shi fili jikin gidanmu. Kwana biyu da zuwansa ya ga Inna a bakin rijiya, ya tsaya yana duban tsagar da ke kumatunta. Ya ce, "Baiwar Allah, akwai wata yarinya mai irin wannan tsaga, na bar ta tana daka a gidan wani attajiri." Ya faɗi garin, tafiyar yini biyu daga iyaka. Inna ta saki igiya, gugan ya faɗa rijiya.

Dattijon ne ya yi mini rakiya, muka kora bijiman. A hanya ya ce, "Ɗana, na ga idonka da ja. In mun isa ka bar mini magana." Na ce to.

A bakin garin akwai bariki na sojoji masu jar hula, waɗanda aka ajiye don tsaron mutanen wurin daga mahara. Ina rataye da baka da kwari, kamar kowane matafiyi, saboda kura da ɓarayin shanu. Suka tare mu, suka zaunar da mu a rana tun hantsi har azahar. Wani soja yana ta shafa tozon farin bijimina yana dariya da 'yan'uwansa. Ina kallon katangar garin, na san ƙanwata tana bayanta, zuciyata tana tafasa.

Can Bature ya fito da tafintansa, wani dogon mutum daga ƙasashen yamma wanda ya tsinci Hausarsa a kasuwanni. Tafinta ya tambayi abin da ya kawo mu. Dattijo ya durƙusa ya fara gaisuwa yadda ya kamata, ina gajiya, ina aiki, yaya mutanen gida. Tafinta ya katse shi, ya zungure shi a ƙirji da bulala, ya sake tambaya. Ganin an zunguri tsoho mai furfura, ban san lokacin da na miƙe ba. Hannuna yana kan kwari na ce, "Kurma ne kai? Fansa muka zo. Fansa!"

A bakinmu fansa biyu ce. Akwai wadda ake kaiwa da shanu, akwai wadda ake ɗauka da jini. Tafintan nan ɗaya kawai ya sani. Na ga fuskarsa ta canza, ya juya ya yi wa Bature magana da sauri yana nuna bakana. Dattijo yana cewa, "Fansar kai, ranka ya daɗe, ga shanun nan," amma gindin bindiga ya rufe masa baki. Daga baya na gane ko da an saurare shi ba mu tsira ba, domin a dokarsu wanda ya kai shanu ya karɓi mutum, sayen mutum ya yi.

Aka ɗaure mu a jikin turke, aka yi mana bulala a gaban 'yan kasuwa. Da yamma muna ji muna gani aka yanka bijiman, ƙanshin naman yana dukan hancinmu. Wata uku muka yi muna ɗaukar musu kaya daga bariki zuwa bariki. Da aka sake mu muka nufi gidan attajirin, ya fito zaure ya rantse bai taɓa mallakar baiwa ba. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta bi mu bayan gari ta gaya mana gaskiya. A makon da aka kama mu, tsoro ya kama shi kada sojoji su binciki gidansa, sai ya ba wa ayarin Buzaye yarinyar suka yi arewa da ita, inda ba a samun sawu.

Da muka dawo, Inna ba ta dube ni ba, bayana ta leƙa. Da ta ga ba kowa sai ta ce wa matata ta kawo wa dattijo ruwa.

Tun daga nan ni da maƙwabcina dattijon muka shiga gardamar da muka yi shekara da shekaru muna yi, yawanci a gindin tsamiyar ƙofar gida bayan la'asar, yana tufka igiya ina gyaran ƙota. Ni ina cewa zuwan sojojin nan ɓarna ce. Shi yana cewa rahama ce.

Nakan ce, "Baba, ana maganin ƙaba kai na kumbura. Sun toshe ƙofar da muke dawo da namu, ba su buɗe mana wata ba. Wane irin mai taimako ne bai san maganar wanda ya zo taimako ba?"

Yakan ce, "Ƙofar taku ta masu shanu ce. Ni shekara ashirin ina duban hanya, wa ya koro mini ko akuya? Ba don masu jar hular nan ba, da can zan mutu a binne ni a bayan garke."

"Su ne fa suka fasa maka baki. Ga giɓin nan."

"Sun fasa. Haƙori biyu na ba su, suka ba ni ƙafafuna. Kai kuma 'ya'yanka mata suna zuwa roro har inda ba a jin ihu, wa ya taɓa su?"

Nan yake kama ni, domin gaskiya ce, kuma ina jin haushin gaskiyar. Wata rana na matsa masa ƙwarai, na ce shi ɗan koren Nasara ne. Ya ajiye igiyar ya ce, "Ɗana, baki shi ke yanka wuya. Na ce ka bar mini magana." Damina guda ban gaishe shi ba. Ba don ya yi ƙarya ba ne, don dai ya faɗi abin da nake faɗa wa kaina kullum.

Inna ba ta shiga gardamarmu sai sau ɗaya. Tana tankaɗe a tsakar gida ta jiwo mu, ta ɗaga murya ta ce, "Wanda ya zo rabon faɗa, ai ya fara tambayar wa ke ƙasa." Ba ta ƙara ba. Ni na ɗauka ni take goya wa baya, shi ma ya ɗauka shi take goya wa. Ta rasu ƙwaryar tana rataye, kuma ta bar wasiyya kada a sauke.

Furfura ta riga ta fito mini lokacin da na kai tumaki kasuwar Maigatari, aka ce wani saurayi mai raƙuma yana cigiyar masu irin tsagarmu. Na same shi a wajen masu gishiri, da rawani ya rufe rabin fuska. Ya dubi kumatuna ya daɗe, sa'an nan ya zana tsagar a nasa kumatun da yatsa, ya ce da Hausar da ba ta nuna ba, irin ta mahaifiyarsa ce. Ya faɗi sunan Inna, ya faɗi sunana na yarinta wanda ba mai kirana da shi sai mutum biyu a duniya. Na zauna a kan buhu. Ya ce ta rasu bara.

Na tambaye shi ko ta san na je. Ya ce ta sani. A ranar, daga tsakar gida ta jiwo hayaniya, aka ce an kama wasu mutanen kudu sun zo ɗaukar fansa a kan maigidan. Sai a cikin ayari wani ya kwatanta mata saurayin da aka daka, ta gane ni ne. Ya ce takan ba su labarin tana alfahari, ta ce yayanta namiji ne, shi kaɗai ya tunkari bariki da baka don ya rama mata.

Ya tsaya yana wasa da akalar raƙumi, kamar yana shawarar ko ya ƙarasa. Ya ce, "Amma in ta gama, Kawu, takan ce da ma shanu ya kawo."

Na ce, "Na kawo. Biyu, ja da fari. Damina huɗu ina kiwonsu."

Ya ce, "Allah sarki. Ita dai ba ta sani ba."

Na zo da shi gida. Maƙwabcina, wanda a lokacin ba ya gani sosai, ya saurari labarin har ƙarshe, ni kuwa ban ce masa ka gani ba. Washegari muka yi sadakar da Inna ta hana. Hannuna ya ƙi zuwa wajen ƙwaryar, sai tsohon ne ya lallaba bango ya sauke ta, ya busa ƙurar, ya miƙa wa yaron.